Gudun Nisa Da Gammon Ƙashin Baya

Zuwa ga Edita,

Na san waɗansu sun sa ido su ga cikon maganar tsadar taki da na faro makon jiya. To, su gafarce ni, don wata magana ta taso mini a cikin gida, ta kuwa hana ni sakat, har na ga ya kamata in sa ta a wannan fili ko ta amfani wanda irinta ta sama.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin rani ne, ya fi shekara talatin yana noman shinkafa da tumatir a bakin kanal. Yana da ɗa saurayi wanda ya ɗauki gudu tun yana makaranta. Kullum da sassafe ya kan hau hanyar nan da ke bisa gaɓar kanal, ya miƙe wajen Kadawa, ba a ganinsa sai hantsi ya fara, ya komo jiƙe sharkaf da gumi. Abin ya faro kamar wasa, har ya kai yaron yana cin kilomita 40 ko 50 a mako, yana kuma cewa wai sai ya je Ikko ya shiga babban tseren da a ke yi can tun 2016. Shi ne gudun da Turawa ke kira maraton, mu kuwa Hausawa muka raɗa masa gudun ya-da-ƙanin-wani, ko gudun fanfalaki. Tsawonsa kilomita 42 ne da ɗoriya, kusan tafiyar da ke tsakanin birnin Kano da nan wajenmu.

Ran nan da dare sai ga ƙanen nawa, yana tafe yana dafe da ƙugu yadda ya saba. Da muka gaisa ya ce, "Yaya, sai ka yi wa ɗanka magana, ni ya daina jin tawa. Ka ga yadda bayana ya zama. An ɗauke ni hoto a asibiti, an ce faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye. Ni da ban taɓa gudun banza ba ke nan. Ina ga wanda ke buga bayansa da ƙasa sau dubu dubu kowace safiya, kamar taɓarya cikin turmi? Taya ma tana cinyewa, takalmi yana cinyewa. In bayansa ya mutu, wa zai riƙe gonar bayan raina?"

Ba na ɓoye muku, da farko na ga maganarsa kamar gaskiya ce tsantsa, har na kusa kiran yaron in tsawata masa. Amma na ce a raina, bari dai in bincika tukuna, kada in hana yaro abin da ya ke so bisa zato. Na kwana bakwai ina karatun abin da likitoci suka rubuta. Ga abin da na samo.

Ƙashin bayan mutum ba sanda ɗaya ba ce. Ƙasusuwa ne ƙanana jere bisa juna, 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji, 5 a ƙugu, sa'an nan waɗansu da suka manne can ƙasa. A tsakaninsu akwai wani guringuntsi mai taushi, guda 23, shi ne likitoci ke ce wa faifai. Ni dai na fi so in kira shi gammo, don aikinsa ke nan, shi ke tare nauyi kada ƙashi ya gogi ƙashi. Gefensa zare ne mai ƙarfi, rufi bisa rufi kamar ɓawon albasa, tsakiyarsa kuwa wani abu ne mai yauƙi wanda galibinsa ruwa ne. Kadan aka danna shi sai ya baje ya raba nauyin ko'ina, aka sake shi ya komo. Idan zaren gefen ya tsage, abin cikin ya ɓullo ya danne jijiya, shi ne mutum zai ji ciwo yana bin cinyarsa har tafin ƙafa, a ce masa sanyi ne, ko a ce jifa ne.

To, ga inda misalin taya ya kasa. Taya matacciya ce, ba ta ci, ba ta sha, ba ta gyara kanta. Gammon baya kuwa rayayye ne, amma yana da wani hali na ban mamaki: a jikin babban mutum jijiyoyin jini ba su shiga tsakiyarsa. Abincinsa sai ya tsattsafo daga ƙasusuwan da ke sama da ƙasa da shi, kamar yadda ruwa ke tsattsafowa daga kwami zuwa kwami. Ruwan cikinsa kuwa fita ya ke yi idan an danna, ya komo idan an saki, kamar soso a hannun mai wanka. Masana sun ga cewa ƙwayoyin halittar da ke cikinsa sun fi yin aikin gyara idan suna samun dannawa da saki bi da bi, bisa gwargwado. Abin da ba su so shi ne a danne su wuni guda ba saki, ko a bar su ba dannawa sam.

Wanda ke shakka ya gwada da kansa. Ya jingina da bango da asuba a sa masa alama da gawayi daidai tsakar kansa, ya sake jinginawa da dare. Zai tarar ya rage tsawo da santimita ɗaya ko fiye, don nauyin wuni ya matse ruwan, barci kuma ya mayar da shi. Mun gwada a zaurenmu, yara suka yi ta dariya, suna cewa Baba ya motse. Gudu ma haka ya ke yi. A garin Libaful na Ingila, cikin 1986, an auna masu gudu aka ga tafiyar kilomita 6 ta rage musu tsawo da kamar milimita 3, hutu kuma ya kan mayar. Jama'a da yawa da suka ji irin wannan labari sai suka ɗauka lalacewa ce, alhali kuwa shi ne shiga da fitar ruwan da muka faɗa. Ku dubi kuma 'yan sama jannati, waɗanda ke zama wata da watanni inda babu nauyi. Su kan ƙara tsawo har santimita 5, da yawansu kuma suna kukan ciwon baya, kuma hukumar sararin samaniya ta Amurka ta ƙidaya a 2010 ta ga ɓullowar gammo ta fi yawa gare su, wajen ninki huɗu bisa sauran mutane. Ashe rashin nauyi ɗungum ba gata ba ne ga baya.

Yanzu sai mu zo kan ƙidayar da ta fi kama mini hankali, don ta shafe mu ƙwarai mu mutanen karkarar nan. A birnin Ulm na Jamus, wani masani mai suna Wilke da abokan aikinsa sun sa wani ɗan ma'auni siriri cikin gammon ƙugun wani mutum lafiyayye ɗan shekara 45, da yardarsa, suka bi shi wuni da kwana suna rubuta matsin da ke ciki, suka buga labarin a 1999. Bari in sauƙaƙa lissafin. Kadan muka ba kwanciya rigingine awo 1, to, tsayuwa ta kai 5. Sassarfa da takalmin gudu tana hawa da sauka tsakanin 3 da rabi zuwa 8 da rabi. Amma sunkuyawa kawai daga tsaye, ba tare da ɗaukar komi ba, ta kai 11. Da mutumin ya sunkuya da baya a tanƙware ya ɗauki kilo 20, watau nauyin jarka guda cike da ruwa, sai awon ya kai 23. Da ya durƙusa da gwiwa ya ɗauka ya zama 17, da ya riƙe kayan manne da jikinsa kuwa 11. Mutum ɗaya ne kurum aka auna, don haka kada a ɗauki alƙaluman tamkar na kowa, amma sun nuna hanya.

Jama'a, ku dubi wannan, kana ku dubi mai dashen shinkafa da ke sunkuye cikin taɓo tun hantsi har la'asar. Ku dubi mai yanka da lauje, da mai tsinkar tumatir, da 'yan dakon Kwanar Gafan da ke cicciɓar kwando zuwa bisa mota, da mai ɗaga buhun taki mai kilo 50 daga ƙasa shi kaɗai don kada a ce ya gaza. Bisa wannan lissafi, sawun mai gudu mafi tsanani bai kai sunkuyawar mai dashe ba. Ga shi kuma na mai gudu ƙiftawar ido ne ya wuce, na mai dashe kuwa dannawa ce mai daɗewa.

Akwai kuma wani abu da mu kan manta. Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a ja ruwa zuwa ƙasar Kura da Bunkure da nan Garun Mallam, galibin manoman nan damina kaɗai su ke sunkuyawa. Kaka ta wuce, wani ya tafi cin rani, wani fatauci, duk kuwa da ƙafa. Kakanninmu sun taka har Gwanja neman goro, zagage kuwa su kan yi ta sassarfa gaban dokin sarki daga gari zuwa gari. Ruwan Tiga ya kawo arziki, ba mai musun wannan, ni ma da shi na ci na sha. Amma ya ɗauke wa bayan manomi hutunsa, ana gama na damina sai alkama da tumatir, ana gama su sai shinkafar rani. Tafiyar ƙafar ma babur ya karɓe ta, mutum zai je gonar da ana hango ta daga ƙofar gida, sai ya hau ya yi ta jijjiga cikin ramuka.

Sauran tambaya ita ce, masu gudun nisa da kansu, yaya gammonsu ya ke bayan shekaru? A 2017 wani masani mai suna Belavy da jama'arsa a Jami'ar Deakin ta ƙasar Ostireliya sun tara mutum 79, maza da mata, 'yan shekara 25 zuwa 35. Kashi guda ba su wasan motsa jiki ko kaɗan, kashi guda suna gudun kilomita 20 zuwa 40 a mako, kashi na uku kuwa 50 ko fiye, duka masu gudun sun yi shekara biyar ko fi suna yi. Aka duba ƙugunsu da na'urar nan mai ɗaukar hoton cikin jiki da a ke kira MRI. Sai ga shi gammon masu gudu ya fi na marasa gudu ruwa da kyawun yanayi, na masu nisan gudun har ya fi kauri. An kuma ɗaura musu wani ɗan abin ƙidayar motsi, aka ga motsin da ya fi tafiya tare da lafiyar gammo shi ne na tafiya mai sauri ko gudu a hankali, kamar kilomita 7 a sa'a guda. Ba gudun ceton rai ba, ba kuma tafiyar hawainiya ba.

Tun kafin wannan, a ƙasar Finlan cikin 1995, likita Videman da abokansa sun duba bayan tsofaffin gwanayen wasanni da suka daɗe da bari. Masu ɗaga ƙarfe da 'yan ƙwallon ƙafa an ga lalacewar gammo ta fi yawa gare su, masu gudun nisa kuwa ba a ga gudu ya gaggauta musu ita ba. Wannan ya ba ni dariya, don ƙanen nawa bai taɓa hana yaron ƙwallo ba, har kuɗin riga ya ba shi.

Sai dai mai gaskiya ba ya ɓoye gefen da bai yi masa daɗi ba. Irin wannan bincike ya kwatanta mutane ne waɗanda kowa ya riga ya zaɓi hanyarsa. Mai yiwuwa ne waɗanda aka haifa da baya mai ƙwari su ne suka jure gudun shekara da shekaru, masu raunin baya suka bari tun da wuri, ba a ƙidaya da su ba. Don haka cewa gudu na gina gammo magana ce mai ƙarfi amma ba a rufe ta ba. Abin da ya fi tabbata shi ne ba a ga yana cinye shi ba. Har ila yau a Finlan ɗin, da aka bi tagwaye maza masu kama ɗaya, waɗanda ɗaya ya yi aikin ƙarfi ɗaya ya yi na zaune, sai aka ga bayansu ya fi kama da juna fiye da yadda aka zata. Watau gado yana da babban rabo cikin wannan sha'ani, shan taba ma an ga yana ƙara lalacewar. Da na karanta haka sai na tuna mahaifinmu, wanda shi ma da sanda ya ƙare.

Na tuna kuma da Abebe Bikila, sojan nan na ƙasar Habasha da ya ci tseren maraton na wasannin Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, ya sake ci a Tokiyo a 1964. Gaskiya ne ya ƙare rayuwarsa a keken guragu, ya rasu a 1973, amma haɗarin mota ne ya taɓa masa laka a 1969, ba gudu ba. Na faɗi haka don na ji wani a majalisa yana kafa hujja da shi.

To, masu ciwon bayan fa, irin ƙanena? Da farko kada hoton asibiti ya kashe wa mutum zuciya. A 2015 likitoci a Amurka sun tattara hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, suka ga 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 gammonsu ya fara sauyawa, na 'yan shekara 80 kuwa 96 cikin 100. Abu ne mai zuwa da shekaru kamar furfura, ba kullum ne shi ke kawo ciwon ba. Sa'an nan a 2024 masana na Jami'ar Macquarie a birnin Sidni sun raba mutum 701 da suka warke daga ciwon ƙugu gida biyu. Waɗanda aka sa su tafiyar ƙafa a kai a kai tare da nasiha sun kai wajen kwana 208 kafin ciwon ya sake hana su aiki, waɗanda aka bari haka nan kuwa kwana 112. Cikin 2024 ɗin kuma a Melbon an gwada mutum 40 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, rabinsu aka sa su haɗa tafiya da ɗan gudu, rabin sa'a, sau uku a mako, har mako 12, sai ciwonsu ya ragu fiye da na waɗanda ba su yi ba.

Amma ina gargaɗi da babbar murya. Wanda ƙafarsa ta soma mutuwa ko tana jan ƙasa, ko ya ji tsakanin cinyoyinsa ya dushe, ko fitsari ko bayan gida ya soma kufce masa ko ya ƙi fita, wannan ba na tafiya ba ne, ba na gudu ba, ba kuma na mai ɗori ba. A kai shi asibiti a ranar, ga Asibitin Ƙashi na Dala nan, ga na Malam Aminu Kano. Haka wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, don tarin fuka ma ya kan kama ƙashin baya. Samarin da ke haɗiyar ƙwayoyin kashe zafi don su yi aikin mutum uku a gona kuwa, maganarsu sai wani mako, don tana da tsawo.

Da na gama sai na kira su biyu, uba da ɗa, muka zauna a zaure, na karanta musu abin da kuka ji. Yaron sai murmushi ya ke yi, yana zaton ya ci shari'a. Na ce masa, "Kai ma tsaya, ba a gama da kai ba. Baya ya tsira ba shi ne gwiwa da ƙwabri da agara sun tsira ba, su ne gudu ya fi ci, galibi kuwa ga mai gaggawar ƙara nisa. Ka ƙara kaɗan kaɗan, ka bar kwana ɗaya ko biyu na hutu a mako, kada ka yi gudu da ranar bazara, ka sha ruwa, in wuri guda a ƙashi ya dinga yi maka zafi ka tsaya a duba. Ranar da kuka wuni kuna dashe kuwa, kashegari ba ta dogon gudu ba ce." Ya ce, "To, Baba, na ji."

Uban ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, kai da bakinka ka ce abin gado ne. Ashe bayana ya gada ke nan." Na ce mai yiwuwa ne, amma in haka ne, sai mu fi jin tsoron buhun da ya ke sa shi ɗagawa da duku-duku. Don da asuba gammo cike ya ke da ruwan da ya sha da dare, a kumbure, likitoci kuwa sun ga a lokacin nan sunkuyawa da kaya ta fi wahalar da zaren gefensa. A bari a ɗan taka tukuna, a kama buhu mutum biyu, a durƙusa da gwiwa, mai dashe kuma ya riƙa miƙewa yana ɗan takawa a kan kunya loto loto. Ya ce 'yan ƙodago ba za su yarda ba, su da ke aikin jinga. Na ce ya fara da 'ya'yansa.

Bai ce ya yarda da zuwa Ikko ba, ya ce sai an ga abin da tumatir ya yi bana, don kuɗin mota ba wasa ba ne. Amma ya janye hanin gudun. Yau kwana goma sha biyu ke nan kuma shi da kansa ya ke ajiye babur ya taka zuwa gona da sauri sauri, yana dawowa yana mita, wai duk wanda ya gamu da shi a bakin kanal sai ya tsaya ya tambaye shi ko mai ne ya ƙare masa.

Maganar taki sai mako mai zuwa.

Ni ne naku,
Tsohon Malamin Makaranta,
Garun Mallam.